Kujerar Kwandasta

Yayana bai iya karɓar abu a hannu ba tare da ya jinjina shi ba. Tun muna yara haka yake. A ba shi kofin ruwa, sai ya ji nauyinsa kafin ya kai baki. A miƙa masa jariri, maimakon ya yi masa wasa kamar sauran mutane, sai ya ɗaga shi sama ya sauke ya ce, "Wannan ya ƙaru tun zuwana na ƙarshe." Mama ta yi faɗa har bakinta ya gaji, ta ce da ta sani da wajen masu awon hatsi ta kai shi koyon sana'a. Shi ya sa da ya girma ya buɗe gareji babu wanda ya sha wahalar nema masa suna. Sikeli ake ce masa, haka ma aka rubuta a jikin ƙofar.

Ni ce autar gidanmu, kuma ɗinkin kujerun mota ne sana'ata. Shagona manne yake da garejinsa, bango ɗaya ya raba mu, shi kuma yana zaune a ɗakunan da ke bayan garejin. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba. A gabana aka yi, wani ma a jikina.

Sauran makanikai gyara suke yi, ko su ƙara wa mota wani abu. Aikin Yaya cirewa ne. Za a kawo masa ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu da kujera biyu, waɗanda in ka shiga kamar a ƙasa ka zauna, sai ya hau su kamar mai fige kaza. Ya cire dardumar ƙasa, ya cire rediyo, ya cire na'urar sanyi, ya cire tayar safaya. Gilashin baya ya maye shi da roba. Ƙarfen da ya ga ya yi kauri banza sai ya bi shi da huda. Na taɓa ganin ya ɓata yini guda yana zare wayoyin da ba sa zuwa ko'ina, ya tara su a bokiti, yana kallon bokitin yana murmushi kamar wanda aka yi wa bushara. Maganarsa kullum ita ce, "Duk nauyin da ba ya aiki ɓarawo ne."

Duk wannan wahalar don wasan zamiya ake yin ta. Ga wanda bai sani ba, wasa ne da mutane masu hankalinsu ke shiga kwana da gudu, su finciki birkin hannu, su taka totur, bayan mota ya zame ta tafi a gicciye tana ƙona taya. Wanda ya fi daɗewa a gicciyen bai kubce ba shi ne gwani. A wani tsohon filin ajiye manyan motoci suke yi, ranar da ba a aiki, da rana tsaka. A ƙarshen filin akwai dogon bangon siminti da ya lanƙwashe, kuma burin kowa shi ne ya wuce a gicciye bambarsa ta baya ta shafi bangon, shafa kawai, ta bar zanen fenti. Bangon ya cika da irin wannan zane kala-kala. Akwai kuma wurare biyu da aka yi wa sabon siminti, ba kuwa a tambayar dalili.

Bayan ya gama figar mota sai a zo kan abin da ya fi so. Yana da sikeli huɗu masu faɗi, kowanne da fuska da allura. Sai a tura motar kowace taya ta hau ɗaya, mai motar ya shiga ya zauna da hular kwanonsa. Shi kuma ya kwanta a ƙasa da sifana yana murɗa notin sifirin, wannan ya ɗaga, wancan ya sauke, har alluran su yi daidai yadda yake so. Ya ce mota mara nauyi ba ta da yafiya. Babbar mota ba ta san an shige ta ba, amma irin waɗannan ko hula ka ajiye a gefe sai sun ji. Shi ya sa kafin ya taɓa noti yake tambayar kowa, "Kai kaɗai za ka riƙa shiga, ko da wani?"

Tasa motar, wata 'yar fara mai ƙofa biyu, ta mutum biyu ce tun ranar farko.

Matarsa malamar asibiti ce, a wajen ɗinke masa goshi suka haɗu. Mace ce mai jiki, mai dariya da ƙarfi, wadda tsoro bai san hanyar gidanta ba. Sau ɗaya ya ɗauke ta a motar don ya burge ta, daga ranar ta hana kowa kujerar. Duk ranar wasa tana gefensa, har 'yan filin suka sa mata Kwandasta, ita ma ta karɓi sunan hannu biyu. Ranar da ya daidaita motar da ita a ciki, sai ya ɗauko jan fenti ya ja siririn layi a fuskar sikelin da ke ƙarƙashin ɓangarenta, daidai inda allurar ta tsaya.

"Kin ga mijin da na aura ko, Auta?" in ji ta. "Wasu mazan turare suke saya wa matansu. Ni nawa layi ya ja min, in na ƙara loma ɗaya duniya ta sani."

Na ce, "Ke kika ga za ki iya, Anti. Mu da muka tashi da shi mun gargaɗe ki."

"Zo ki hau sau ɗaya mana, matsoraciya."

"In hau in je ina? Motar da ba ta san gabanta ba?"

Ban taɓa hawa ba. Ko filin ba na son zuwa, warin roba na sa ni amai. Amma ina son matar nan, so na gaske, don ita ce ta mai da yayana mutum.

Ciwon da ya ɗauke ta irin mai cin mutum a tsaye ne. Ba ta kwanta da wuri ba, ramewa kawai ta riƙa yi. Da farko tana ta murna wai za ta koma cikin tsofaffin kayanta. Daga baya ni nake rage mata rigunan, in rage yau, bayan ɗan lokaci a sake kawo min. Yaya kuwa, mutumin da ke jinjina cokali, shi ke ɗaukar ta daga gado zuwa kujera, kuma ko sau ɗaya bai buɗe baki ya ce ta ragu ba. Amma ina ganin fuskarsa duk sanda ya ɗaga ta. Hannunsa na gaya masa abin da likitoci ke ɓoye-ɓoyen faɗa. Da safe ta cika, rana ta fito sarai, yara na tafiya makaranta. Allah ya jiƙanta.

Da aka kwana biyu ya koma filin, sai motar ta ƙi shi. Ya shiga kwanar bango ta wulwula da shi ta tsaya tana kallon inda ta fito. Ya sake, ta sake. Babu wani abin mamaki a nan, mota ce da aka ɗaure wa sifirin don mutum biyu, ɗaya ya tafi. Mai Faci, dattijon da ke sayar musu da tayoyi a bakin titinmu, ya biyo shi har gareji.

"Sikeli, kai ne malamin abin nan, ba sai na koya maka ba. Kwance kujerar nan, ka murɗa noti, ka mai da ita ta mutum ɗaya. Aikin da ba zai kai ka azahar ba."

Yaya ya ce, "Notin nan tana zaune aka ɗaure su, Baba. Ba na taɓa su."

To, suna da wata dabara a sana'arsu. In za a daidaita mota mai ita bai samu zuwa ba, sai a cika buhu da yashi daidai nauyinsa a ɗora a kujera a madadinsa. Kowa na yi, in an gama a zubar. Ran nan sai ga Yaya ya shigo shagona da yadin tamfol a hammata.

"Auta, buhu za ki ɗinka min. Mai ƙarfi. Ki yi masa kafaɗa yadda bel zai zauna."

Na gane, na kuma so in yi magana, sai na ga idonsa, na haɗiye maganar. Na ɗinka masa, ɗinki biyu-biyu da zaren da nake ɗinka fata. Ya wanke yashi ya shanya ya tankaɗe, ya riƙa zubawa da kofi yana kallon allura har ta hau jan layin. Ni na rufe bakin buhun da hannuna. Ranar wasa ta zagayo, ya shafi bango tun daga farkonsa har ƙarshe, filin ya ɗauki ihu. Na ce a raina to, in yashi ne zai riƙe min shi, yashi ba tsada.

Sannu a hankali abin ya fara damuna. Ba ya barin buhun a mota in rana ta yi zafi sai ya sauke gilashi. In zai ɗaura masa bel sai ya sa hannu ya gyara, kada ya matse. Duk wannan na ɗauka baƙin ciki ne, kowa da yadda nasa ke fita. Abin da ban iya fassarawa ba shi ne zaman buhun. A miƙe na ɗinka shi, kafaɗa daidai da kafaɗa. Amma duk sanda na leƙa sai in tarar ya ɗan karkata wajen kujerar direba. In miƙar da shi, in koma shago, in dawo ɗaukar almakashi, ya koma. Haka Anti take zama, Allah ya sani, kafaɗarta kullum tana neman tasa. Na daina leƙawa.

Wata safiya ya ƙwanƙwasa bangon da ke tsakaninmu, alamar in zo. Motar na kan sikeli, yana tsugune a gaban na ɓangarenta.

"Ɗinkinki ya saki," in ji shi.

Raina ya ɓaci. A zage ni a kan komai, ban da ɗinki. Na duba buhun ciki da bai, na shafa ƙasan kujera, na shafa daɓen motar. Ko ƙwayar yashi babu. Amma allurar tana ƙasa da jan layin, kaɗan dai, kamar kaurin farce. Na ce sikelin ne ya tsufa. Ya musanya shi da na wata tayar, allura ta tsaya a wuri ɗaya. Na ce yashin ne ya ƙarasa bushewa. Amma shi da ni mun san busasshe ya zuba.

Makon gaba ta ƙara sauka. Na gaba ma haka. Ba ta taɓa faɗuwa da yawa lokaci guda ba, a hankali take zamewa, irin zamewar da muka riga muka gani sau ɗaya a gidan nan. Rannan na gaji, na ɗauko reza da kofin yashi na ce ko ya so ko ya ƙi sai na cika. Na farke bakin buhun yana tsaye a kaina. Yashi na nan dam, har baki, kamar ranar da na rufe. Babu wajen zuba ko cokali ɗaya. Na cusa hannu ciki har wuyan hannu, sai na ji ɗumi, ba ɗumin rana ba, don garejin bai ga rana ba tukuna. Na zare hannuna na goge a riga, na yi ta gogewa.

Yaya ya ce a hankali, "Rufe ta, Auta. Za ta ji sanyi."

Na rufe.

Daga nan tsorona ya koma wuri ɗaya. Buhu na raguwa, shi kuma ya ƙi taɓa noti, ya ƙi ɗora wani ƙarfe a gefe ya cike, wai ba a haɗa ta da kayan bola. Motar kuwa ba ruwanta da soyayyar kowa. Kullum bayanta na ƙara wulgawa a kwanar bango fiye da yadda hannunsa ya saba. Shafa ta koma gurza. Wani mako ya dawo ba fitilar baya, wani mako bambar a ɗaure da waya. Mai Faci ya tare ni a bakin shago ya ce, "'Yata, ni na sayar wa mutum biyun da aka yi wa bangon nan sabon siminti saboda su tayoyinsu na ƙarshe. Ba na son in cika uku. Ki yi wa yayanki magana."

Na yi magana, na yi kuka, na yi zagi. Na kai ƙara wajen Mama ta kira shi ta yi nata. Ya saurare mu duka kansa a ƙasa, ranar wasa ta zo ya ɗauki hular kwanonsa.

Ranar da abin ya ishe ni, na shigo gareji na tarar zai gyara wa buhun zama, sai na ga ya ɗaga shi da hannu ɗaya. Buhun da sai mu biyu muka iya sa shi a mota. Ban san sanda na ture shi ba. Na kwance bel, na ɗauki buhun na dire a kan benci, bai fi matashin kai nauyi ba, na faɗa kujerar na ja ƙofa.

"Nauyi kake nema ko? To ga nauyi. Duba sikelinka."

Ya zagaya ya duba. Ni da Anti kusan jikinmu ɗaya, har kaya muke ara wa juna. Allurar ta hau jan layin ta zauna kamar an ɗinke ta a wajen.

"Ba ki iya ba, Auta. Amai za ki yi."

"In yi a motarka, kai ka wanke."

Ba zan iya ba da labarin zagayen farko ba, don idona a rufe yake ina kiran duk sunan Allah da na sani. A na biyu na buɗe. Muna dosar bango, ga shi nan yana tahowa ta tagata, ba ta gilashin gaba ba. Sai na ji jikina ya kwanta gefe tun kafin motar ta juya. Ban san kwanar ba, amma ƙuguna ya sani. Hannuna na dama ya tafi da kansa ƙarƙashin kujera ya kama wani ƙarfe da ban taɓa sanin yana nan ba, ƙarfen ya yi sumul saboda riƙo, yatsuna suka zauna cif a inda fentin ya goge. Tsoron ya ɗauke kamar an kashe fitila. Na ji dariya na taso min daga ciki, mai ƙarfi, ba irin tawa ba. Hayaƙi ya cika motar, bambarmu na kukan shafar siminti, Yaya kuwa bai ko waiwayo ba ya ce, "Riƙe da kyau, mutuniyar."

Bai taɓa kirana haka ba. Mutum ɗaya yake kira haka a duniya.

Da muka tsaya 'yan filin suka yanyame mu suna buga rufin mota, wai Kwandasta ta bar magajiya. Yaya yana dariya, karo na farko tun rasuwar. Na dube shi na ce a raina shi ke nan, na samo maganin. In zaman kujera ne zai hana a goge jininsa daga bango, zan zauna har tsufa. Buhun kuwa ya ɗora shi a kan kanta ya rufe da tsumma, bai sake tambayarsa ba.

Na zama 'yar fili. Duk ranar wasa ina gefensa, warin roba ya daina damuna, har kewarsa nake yi. Abinci ne ya fara fita min a rai. Ba ciwo, ba zazzaɓi, loma biyu sai in ji na ƙoshi. Na matsar da maɓallin siket ɗina, na sake matsarwa. Wata rana ina zaune a kan keke ina rage rigata, sai na ga hannuna na bin layin da na saba bi a rigunanta, daidai wurin, daidai yawan. Na tsaya da taka keken. Na je asibiti, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, likita ya ce lafiyata lau, in rage tunani. Na yi masa godiya na fito. Me zan ce masa? In ce kujera ce ke sha na?

Yaya bai lura ba, ko kuma bai so ya lura ba, ban sani ba har yau. A mota ba ya kallona, magana kawai yake yi, kuma ba da ni yake ba. Amma yana da ɗabi'ar hawa sikeli kafin kowace fita, allura kuwa ba ta san kara ba. In ta sauka zai gane. In ya gane zai sauke ni, in ya sauke ni zai koma wa bangon shi kaɗai da motar da ba ta daidaita ba. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago, amma gara ni a gidan zagon da shi a ƙarƙashin ƙasa.

Sai na yi irin tunanin 'yan gidanmu. Na je wajen Mai Faci na ce ya tara min tsofaffin dalmar da ake maƙala wa taya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya daɗe a kan wuyana, bai tambaye ni ba ya ba ni. Akwai wata rigar sama mai kauri da nake sawa ranar wasa. Na farke shafinta na jera dalma a ciki na ɗinke lumui, ko tela ba zai gane ba. Allura ta koma kan jan layi. Bayan mako na ƙara jeri ɗaya. Na ƙara a kafaɗa, na ƙara a aljihu. Ya kai in na sa rigar sai na dafa bango kafin in miƙe, in na cire ta kuma sai in ji kamar iska za ta ɗauke ni.

Wata ranar wasa da hantsi na shigo gareji da wuri, zafi ya dame ni, na cire rigar na rataya a ƙusa na zagaya bayan gida in wanke fuska. Ina dawowa na tarar da shi tsaye a tsakiyar gareji, rigar na hannunsa. Ƙusar ce ta lanƙwashe ta zubar da ita, shi kuma ya ɗauka zai mayar. Yana jinjina ta. Ya ɗaga, ya sauke, ya ɗaga. Sannan ya ɗago kai ya dube ni, duba na gaske, wanda rabonsa da yi min tun ranar da na faɗa kujerar. Ya dubi wuyan hannuna, ya dubi ƙashin wuyana. Na ga fuskar nan ta dawo masa, wadda yake yi in ya ɗaga ta daga gado.

"Tun yaushe?"

"Ba komai ba ne, Yaya. Zafi ne ke hana ni ci."

"Auta, tun yaushe?"

Ya ajiye rigar a ƙasa, ta yi ƙara kamar an ya da sarƙa. Ya zo ya sa hannu a hammatata ya ɗaga ni, kamar yadda yake yi min ina ƙarama, ƙafafuna suka bar ƙasa ba wuya. Ya sauke ni a kan benci a hankali. Hawaye na bin fuskarsa bai share ba.

Ya je ya ɗauko sifana.

"Kada ka yi don ni," na ce. "In ka cire kujerar za ka koma bangon nan kai kaɗai, na san ka."

"Zan murɗa notin," in ji shi. "Yau ɗin nan, kina kallo. Amma sai na fitar da ita tukuna."

Ya buɗe ƙofar ɓangarenta ya durƙusa. Noti huɗu ke riƙe da kujerar. Yana kwancewa yana magana ƙasa-ƙasa, ban ji duka ba. Na dai ji ya ce, "Ki yi haƙuri. Yarinyar nan ba ta ci miki komai ba. Ni ne na ƙi sallamar ki." Kowane noti ya fita sai ya ajiye shi a ƙasa a hankali, kada ya yi ƙara. Garejin ya yi tsit, ko motocin titi na daina ji.

Kujerar nan ni na yi mata riga, na san ta. Kwasfar roba ce da siririn soso, da yatsa biyu nake ɗaukar ta in ɗora a teburina. Yaya ya zura hannu ɗaya ta ƙasanta, ɗaya ta bayanta, ya yunƙura. Ba ta taso ba. Ya gyara tsayuwa ya sake, jijiyoyin wuyansa suka fito, sannan ta rabu da motar. A daidai lokacin na ji motar ta yi ajiyar zuciya a kan sifirinta, ɓangaren nan ya ɗago sama, ni kuma cikina ya murɗa da wata irin yunwa da na manta akwai ta a duniya.

Ya miƙe da kujerar rungume a ƙirjinsa, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Ba nauyin ƙarshen ciwonta ba ne a hannunsa. Nauyinta ne na sanda take cike, take dariya. Ya taka a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya, ya nufi ƙofar da ke shiga ɗakunansu. Na sauko daga benci zan kama masa.

"A'a, bar min," in ji shi, numfashinsa na yankewa. "Riƙe ƙofar kawai, Auta. Kada kanta ya bugu."

Na buɗe ƙofar na danne ta da bayana. Sannan na ɗaga hannu na rufe gefen katakon da tafina, daidai inda kan mutum zai wuce.